Wa Ke Rubuta Ƙa'idar Jirgin Cikin Gari?

Ranar 30 ga Yuni, 2023, jirgin ƙasa na birnin Honolulu, a tsibirin Oahu na jihar Hawai ta Amurka, ya fara ɗaukar fasinja. Jirgi ne marar direba, yana gudu a kan doguwar gada da aka ɗora bisa ginshiƙan kankare, an kuma raɗa masa suna Skyline. Hukumar da ta shafe shekara 12 tana fama da ginin, wadda ake kira HART, ba ita ta yanka kuɗin tikiti ba, kuma ba ita ke gudanar da jirgin ba. A ranar da aka kafa ta an ba ta duka biyun. Mutanen birnin ne suka karɓe su da ƙuri'arsu a 2016, tun kafin tarago ɗaya ya ɗauki kowa.

Duk birnin da ya ɗauko aikin jirgi sai ya amsa tambayar da ke cikin wannan ɗan labari, ko ya so ko ya ƙi. Hukumar da aka damƙa wa aikin, ina iyakar ikonta na rubuta ƙa'idar da za ta hau kan jama'a? Tambayar ba ta da armashi, babu gwamnan da zai tara 'yan jarida don ya nuna musu ita. Amma a nan ake sanin wanda za a tasa daga gidansa, da abin da lebura zai biya kullum safiya, da wanda ke da ikon cewa a tsayar da jirgi idan ƙafarsa ta fara sassauci.

Majalisa ce ke yin doka. Sai dai majalisa ba za ta zauna tana auna tazarar da za a bari tsakanin gini da layin dogo ba, ko tana tsara yadda ɗan kwangilar da aka hana aiki zai kai ƙorafinsa, ko kwana nawa za a ba mai shago ya kwashe kaya bayan an biya shi diyya, ko abin da za a yi wa wanda ya haura ƙofar tasha bai biya ba. Irin waɗannan abubuwa ɗaruruwa ne, kullum cikin canzawa suke, kuma injiniya da akanta sun fi ɗan majalisa saninsu. Don haka sai a rubuta a cikin dokar kafa hukumar cewa an ba ta izinin fitar da ƙa'idoji a kan kaza da kaza. Da zarar ta bi matakan da aka gindaya mata, ƙa'idar ta sami ƙarfi irin na doka, ana cin tara da ita, ana gurfanar da mutum a kanta. Ke nan mutanen da babu wanda ya zaɓe su sun rubuta abin da kowa zai bi. Daga nan rigimar take farawa.

A Hawai, kamar a sauran jihohin Amurka, akwai dokar da ta shimfiɗa hanyar da hukuma za ta bi. Sai ta buga sanarwa aƙalla kwana 30 kafin zaman sauraron jama'a, ta bar duk mai magana ya yi, da baki ko a rubuce, sannan a amince da ƙa'idar a ajiye ta inda kowa zai iya karantawa. Wanda ta shafa yana iya zuwa kotu ya ce hukumar ta tsallake mataki, ko ta wuce abin da majalisa ta ba ta. Wasu na ganin wannan jan ƙafa ne. Ni dai a ganina shi ne abin da ya halatta ikon tun farko, domin idan aka cire sanarwa da sauraro da ƙofar kotu, abin da ya rage umarnin wani babban jami'i ne kawai da aka buga a takarda mai tambari.

Hujjar masu son a sakar wa hukumar mara tana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Aikin jirgin birni yakan ci shekara goma zuwa ashirin, alhali wa'adin magajin gari shekara huɗu ne. Idan kowane sabon zaɓe zai sauya hanyar layi ko ya tsayar da biyan kwangila, babu kamfanin da zai kawo farashi mai sauƙi, kuma babu mai ba da rance da zai saki jiki. Honolulu ta san wannan ciwo, domin a 1992 majalisar birnin ta kashe wani shirin jirgi da tazarar ƙuri'a ɗaya. Da aka sake ɗauko maganar, sai aka bi ta a hankali. An ƙara rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan harajin ciniki na tsibirin daga Janairun 2007, masu zaɓe suka amince da jirgin a 2008 da ƙaramin rinjaye, sannan a Nuwamban 2010 suka gyara kundin mulkin birnin don kafa hukuma mai ɗan cin gashin kai. HART ta kama aiki ranar 1 ga Yuli, 2011, da ikon ginawa, da gudanarwa, da yanka kuɗin tikiti, da karɓar fili don amfanin jama'a.

Wannan na ƙarshen an yi masa takunkumi mai kyau, wanda ya cancanci a lura da shi. Kafin hukumar ta je kotu don karɓe filin wani, sai ta aika wa majalisar birni jerin filayen a rubuce. Idan majalisa ta amince, ko ta yi shiru har kwana 45, hukuma ta ci gaba. Wato majalisa ba za ta iya zaune wa takarda har abada ba, hukuma kuma ba za ta ɗauki gidan mutum ba tare da zaɓaɓɓun wakilansa sun ga sunansa ba. Kowa an bar masa abin yi, an kuma sa masa lokaci.

Inda aka yi tuntuɓe shi ne cikin gidan hukumar. Kwamitin gudanarwarta yana da mutum tara masu ƙuri'a: uku daga magajin gari, uku daga majalisa, daraktocin sufuri na birni da na jiha, da guda ɗaya da sauran takwas ke zaɓa. Amma kundin ya hana kwamitin tsoma baki a harkokin gudanarwa na yau da kullum. An yi haka ne don kada 'yan siyasa su riƙa juya ma'aikata. Abin da ya haifar kuwa shi ne kwamitin da jama'a ke zagi kan kuɗin da ke hauhawa, alhali ba shi da ikon riƙe hannun masu kashe kuɗin. A Disamban 2012, lokacin da gwamnatin tarayya ta sa hannu kan ba da dala biliyan 1.55, an ƙiyasta aikin a kan dala biliyan biyar da 'yan kai, layi mai tsawon kilomita 32 da tasha 21. Zuwa 2022 an datse layin, an zubar da tasha biyu na ƙarshe, kuɗin kuma ya kusa dala biliyan goma. Mai binciken kuɗi na jihar ya nuna a rahotonsa na 2019 cewa an yi gaggawar ba da manyan kwangiloli tun kafin a kammala matakan izini, har aka koma ana biyan 'yan kwangila kuɗin zaman jira.

Ɗaya daga cikin dalilan zaman jiran ya faɗo daidai kan batunmu. Layin zai ratsa unguwannin da aka san akwai tsofaffin kaburburan 'yan asalin Hawai, waɗanda suke girmama ƙasusuwan kakanninsu matuƙa. Birnin ya raba aikin kashi huɗu, ya ce zai riƙa binciken ƙasa kashi bayan kashi, yana gini yana tafiya, ofishin kula da kayan tarihi na jihar kuma ya yarda. Wata 'yar asalin tsibirin ta kai ƙara. A watan Agustan 2012 kotun ƙolin jihar ta ce ƙa'idojin da ofishin ya rubuta da hannunsa ba su yarda da rarraba binciken ba, dole a gama shi daga farkon layi zuwa ƙarshensa kafin a taɓa ƙasa. Aiki ya tsaya cik fiye da shekara guda, sai Satumban 2013 aka koma. A wannan shekarar majalisar jiha ta gyara doka ta halatta binciken kashi-kashi, kuma wannan ita ce hanyar da ta dace tun farko. Ƙa'ida tana ɗaure wanda ya rubuta ta. Idan ta takura masa, sai ya koma ya gyara ta a bainar jama'a, ba ya yi kamar bai gan ta ba. Akwai kuma abin da masu kafa hukumomi ke yawan mantawa: duk ikon da aka ba hukumar jirgi, za ta rayu ne a tsakiyar ƙa'idojin wasu, na muhalli, na kayan tarihi, na kamfanin lantarki da za a kawar da turakunsa, da na mai ba da kuɗi. Gwamnatin tarayya ta riƙe dala miliyan 744 na alkawarinta shekaru da dama, har sai da aka kawo mata tsarin da ta gamsu da shi. Babu mutumin Honolulu da ya kaɗa ƙuri'a a kan waɗannan sharuɗɗa, amma sun fi duk wata ƙa'idar HART tasiri a kan inda layin ya tsaya.

Da haƙurin jama'a ya ƙare, sai aka shiga gyara a guje. Ƙuri'ar 2016 ta mayar da gudanar da jirgi da kula da shi ga sashen sufuri na birnin, wanda dama shi ke riƙe da motocin bas, ta kafa kwamitin duba kuɗin tikiti, ta kuma ƙara wa kwamitin HART ikon sa ido. Wannan gyara ne mai ma'ana, ko ba komai yau kati ɗaya ke shigar da mutum bas da jirgi. Na 2017 kuwa ya zo da kwamacala. Majalisar jiha ta ceto aikin da kusan dala biliyan 2.4, ta hanyar tsawaita ƙarin harajin ciniki zuwa 2030 da ƙara harajin ɗakunan otal, sannan ta ce tun da kuɗinta ya shiga, sai an ba ta kujeru huɗu a kwamitin. An ba ta, marasa ƙuri'a. Sai ga shi, haɗe da kujera ɗaya marar ƙuri'a da dama ke cikin kwamitin, yawan kujeru ya koma 14, kuma da aka lissafa rinjaye a kan 14, ya zama ana bukatar ƙuri'a takwas kafin a zartar da komai, alhali masu ƙuri'ar tara ne kacal. Mutum biyu su yi tafiya, ko su ƙi yarda, shi ke nan kwamiti ya gurgunce. Babu wanda ya yi niyyar haka. Dokar jiha da kundin birni ne aka rubuta a ɗakuna daban, ba a haɗa su an karanta tare ba.

Kada a ce abin na ƙaramin tsibiri ne. A Landan an kafa kamfani na musamman don gina layin Crossrail, aka ba shi 'yanci mai faɗi daga masu shi. Har zuwa watan Agustan 2018 ana cewa za a buɗe layin a Disamba. 'Yan watanni kafin ranar aka fito aka ce ba zai yiwu ba. Sai 24 ga Mayu, 2022 aka buɗe shi da sunan layin Elizabeth, kuɗin ya tashi daga fam biliyan 14.8 zuwa kusan biliyan 19, kuma tun 2020 hukumar sufurin Landan ta janye ragamar zuwa hannunta. 'Yancin ya hana 'yan siyasa katsalandan, haka nan ya hana mummunan labari isa gare su da wuri.

Kuɗin tikiti shi ne ƙa'idar da ta fi kowace zafi, kuma ban ga birnin da ya iya raba shi da siyasa ba. A Landan ba a ma yi ƙoƙarin ɓoye wannan ba. Dokar 1999 da ta kai ga kafa hukumar sufurin birnin a 2000 ta bar maganar a hannun magajin gari. Sadiq Khan, da yake neman kujerar magajin gari, ya yi alkawarin daskarar da farashi a yaƙin zaɓen 2016, ya kuma cika na shekara huɗu, wanda bai ji daɗin haka ba ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Hong Kong ta bi wata hanya tun 2007, ta sa lissafi a rubuce, wanda ke haɗa hauhawar farashin kaya da ƙarin albashin ma'aikatan sufuri ya fitar da adadin kowace shekara. Kowanne yana da aibinsa. Ɗan siyasa yakan danne farashi har kayan gyara su gagara saye, lissafi kuma bai san shekarar da talaka ya shiga uku ba. Abin da ya fi duka muni shi ne tsarin da hukuma ke da ikon a takarda, amma kowa ya san sai an buga waya gidan gwamnati. A nan idan an ƙara kuɗi a ce hukuma ce, idan an rage a ce alherin mai girma ne, kuma ba a rubuta ko'ina wanda zai cike giɓin ba. Ni na fi yarda zaɓaɓɓe ya ɗauki alhakin farashi da sunansa, da sharaɗin duk ragin da ya yi ya nuna a kasafi inda cikon zai fito.

Ƙa'idojin zama a cikin tarago da tasha sun fi sauƙi, kuma a nan babu dalilin hana hukuma rubuta abinta. Ita ta san inda cunkoso yake, ita ta san ƙofar da ake haurawa. Duk da haka, a Landan ƙananan dokokin da hukumar sufuri ta rubuta wa layukanta ba sa aiki sai ministan sufuri na ƙasa ya tabbatar da su, tun da za su iya kai mutum gaban alƙali. Birnin Washington kuma ya nuna abin da ke faruwa idan hukunci ya warwatsu. Hukumar jirginsa, WMATA, an kafa ta a 1967 da yarjejeniya tsakanin gundumar babban birnin da jihohin Maryland da Virginia. A 2018 majalisar gundumar ta cire ƙin biyan tikiti daga jerin laifukan da ake ɗaure mutum a kansu, ta mai da shi tarar dala 50, maƙwabtanta kuwa ba su bi ta ba. Jirgi ɗaya, ɗan sanda ɗaya na hukumar, amma hukuncin yaron da ya haura ƙofa ya danganta da tashar da aka kama shi.

Akwai fage ɗaya da nake ganin bai kamata a bar wa hukumar jirgi ita kaɗai ba, komai ƙwarewarta, shi ne tsaron rayuka. Washington ɗin nan ce ta koya wa Amurka wannan, da tsada. Shekaru da dama dokar tarayya ta hana hukumar sufurin birane ta ƙasa tsoma baki a yadda ake gudanar da jiragen cikin gari, aka bar sa ido ga jihohi. Wanda aka ɗora wa sa ido a kan WMATA wani ɗan kwamiti ne na ɓangarorin uku, wanda ba shi da ikon cin tara ko ba da umarnin dole. Shawara yake bayarwa, a ɗauka ko a bari, har an taɓa hana masu bincikensa hawa layin da jirage ke bi. Ranar 22 ga Yuni, 2009, kusa da tashar Fort Totten, na'urar da ke gano inda jirgi yake a kan layi ta kasa ganin wani jirgi da ke tsaye, na bayansa ya zo ya afka masa. Mutum tara suka mutu. Masu binciken haɗurra na ƙasa ba su tsaya a kan na'urar ba, sun zargi al'adar hukumar ta yin sakaci da alamun haɗari, da raunin masu sa mata ido.

A 2012 majalisar dokokin Amurka ta ba hukumar tarayya ikon kafa ƙa'idojin tsaro. A Janairun 2015 hayaƙi ya turnuƙe wani jirgi a cikin rami kusa da tashar L'Enfant Plaza, mace ɗaya ta rasu, kuma kafin shekarar ta ƙare gwamnatin tarayya ta karɓe sa idon kai tsaye. Sai a Maris na 2019 aka miƙa shi ga sabuwar hukumar tsaro mai zaman kanta, wadda ke da ma'aikatanta da kuɗinta da ikon ba da umarni. Ba a daɗe ba aka ga bambancin. A Oktoban 2021 wani jirgi ya kauce daga layi saboda ƙafafunsa sun buɗe a kan sandar da ke riƙe da su, kuma ya bayyana cewa an ga irin wannan matsala a baya. Cikin 'yan kwanaki hukumar tsaron ta ba da umarnin janye duk taragun wannan samfuri, guda 748, kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da birnin ke da shi. Fasinjoji sun sha wuya watanni da yawa. Ina tantama ƙwarai ko shugaban hukumar da ake auna ƙoƙarinsa da yawan fasinja da kiyaye lokaci zai iya yanke wa kansa irin wannan hukunci. Ba sai ya zama mugu ba. Dalilin da ya sa ba a barin mahauci ya zama shi ne mai duba lafiyar naman da ya yanka ke nan. Birtaniya ta ma raba abin gida uku: mai gudanar da jirgi daban, ofishin da ke ba da izini da sa ido daban, masu binciken haɗari kuma daban tun 2005, aikinsu gano dalili, ba neman mai laifi ba, don ma'aikata su saki baki su faɗi gaskiya.

Maganar ta iso gida Nijeriya ne ranar 17 ga Maris, 2023, da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulkin da ya cire jiragen ƙasa daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, ya mai da su na tarayya da jihohi. Yanzu majalisar jiha tana iya yin dokar jirgin da zai yi zirga-zirga a cikin iyakarta. Legas ce kaɗai ta riga ta yi nisa. Ta yi dokar kafa hukumar sufurinta, LAMATA, tun 2002, ta fara ɗaukar fasinja a layin Blue daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, ranar 4 ga Satumba, 2023, sai layin Red daga Agbado zuwa Oyingbo a Oktoban 2024. Duk tambayoyin da muka bi a sama sun riga sun bayyana a can. Farashin farko na layin Blue naira 750 ne, gwamna ya zabge rabi saboda raɗaɗin cire tallafin mai. Layin yana aiki da lantarki, don haka hana mutane tsallaka shi ya zama maganar rai da mutuwa, a garin da aka saba kasa kaya a kan dogo. Layin Red kuma yana bin hanya ɗaya da jiragen tarayya na Legas zuwa Ibadan.

Wannan na ƙarshen shi ne ƙullin da gyaran tsarin mulki bai kwance ba. Hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya tana aiki ne da dokar 1955, wadda aka rubuta lokacin da ita kaɗai ce mai dogo a ƙasar. Ita ce mai gudanar da jiragenta, kuma ita ta ba LAMATA lasisin aiki a 2024. Wato mai gudanarwa ɗaya yana duba wani mai gudanarwa, shi kuma babu mai duba shi a kullum. Dokar 2022 ta faɗaɗa aikin hukumar binciken haɗurra ta ƙasa ya haɗa da jiragen ƙasa, wannan ci gaba ne, amma mai bincike yana zuwa ne bayan an kwashe gawa. Ranar 9 ga Maris, 2023, jirgi ya banke motar bas ta ma'aikatan gwamnatin Legas a wata mahaɗar titi da dogo a Ikeja, mutum shida suka mutu. Dogon na tarayya ne, titin da motar na jiha ne. Wa ke da ikon rubuta cewa dole a sa shinge a mahaɗa kaza, wa zai biya, kuma wa za a hukunta idan ba a sa ba?

An sha sanar da shirin jirgin cikin gari a Kano da Kaduna, gwamnati bayan gwamnati, kuma hirar takan tsaya ne a kan biliyan nawa za a ranto da kamfanin da zai yi aikin. Daftarin dokar da za ta kafa hukumar ba ya shiga labarai, alhali shi ne abin da ɗan majalisar jiha ke da cikakken iko a kansa tun yau, ba sai rance ya iso ba. A can za a rubuta ko hukumar za ta iya fitar da ƙa'ida ba tare da ta buga ta da Hausa ta saurari mutanen unguwa ba. A can za a faɗi wanda ke yanka kuɗin tikiti, da adadin mutanen da sai sun hallara kafin kwamiti ya zartar da magana, da ko wanda ya gina layin shi zai gudanar da shi. Maganar fili kuma ta fi ta Honolulu nauyi, domin dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon soke izinin mallaka don amfanin jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta fi karkata ga ginin da ke kan fili da amfanin gona. Layin da zai shiga tsohon birni zai gamu da maƙabartu, da masallatai, da gidajen gado masu magada ashirin da babu takarda ko ɗaya a hannunsu, da ɗan tireda mai haya wanda sunansa ba zai fito a jerin masu diyya ba. Idan dokar jiha ba ta faɗi kwana nawa za a ba su, da wanda zai ƙiyasta, da inda za su kai ƙara kafin katafila ta iso ba, to jami'in da ke riƙe da fenti ja ne zai yanke duk wannan a bakin titi.